Koyar da Bayoloji a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bana aka ɗauke ni aikin koyarwa, aka tura ni wata sakandaren jeka-ka-dawo a karkara, aka danƙa mini Bayoloji tun daga SS1 har SS3. Ɗakin gwaje-gwajen suna kawai ya rage masa, an mai da shi sito, ko madubin ganin ƙananan halittu guda babu. Aji ɗaya ya kai yara 90, Turancinsu kuma sai a hankali. Na lura ba abin da nake yi sai cika allo da rubutu suna kwafa. Ta ina zan ɓullo wa lamarin, ga WAEC da NECO na tafe?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a aikin. Da ka gane cewa cika allo ba koyarwa ba ce tun a shekararka ta farko, ai ka riga ni, don ni sai da na shekara uku ina wannan aikin kafin na farga.

Abin da ya farkar da ni wani yaro ne ɗan SS2. Na tambayi aji ma'anar osmosis, wato yadda ruwa ke ratsa tantani daga inda ya fi tsinkewa zuwa inda ya fi kauri, ya miƙe ya zubo ta da Turanci tiryan-tiryan, ko waƙafi bai tsallake ba. Na ji daɗi. Sai na ce masa, to me ya sa idan manomi ya zabga wa masara takin zamani fiye da kima a gindinta sai ta yi yaushi ta ƙone? Ya yi shiru. Ɗan manomi ne fa, da hannunsa yake zuba takin nan kowace damina. Amsar tana cikin jimlar da ya gama karantowa: taki ya sa ruwan ƙasa ya fi na cikin saiwa kauri, ruwa ya juya yana fita daga saiwa maimakon ya shiga. Amma a kansa jimlar tana wani ɗaki, gona tana wani ɗaki, babu ƙofa a tsakani. Laifina ne, ba nasa ba.

Don haka abin da zan ɗora ka a kai guda ɗaya ne: abu ya riga suna shiga aji. Yaro ya gani, ya taɓa, ya kira shi da sunan da ya san shi da shi a gida, sannan ka rataya masa kalmar Turancin. Malamin Kimistiri yana da hujjar kuka idan babu sinadarai, amma kai malamin Bayoloji a karkara, kayan aikinka suna bakin taga.

Ɗauki osmosis ɗin nan. Dankalin turawa biyu, ko yankan doya, ka fere, ka ƙwaƙule tsakiyar kowanne kamar ƙoƙo. Ɗaya ka dafa shi, ɗaya ka bar shi ɗanye. Ka zuba gishiri ko sukari a ramin kowanne, ka ajiye su a faranti mai ɗan ruwa. Ka yi wannan da safe kafin taron asambili. Zuwa lokacin tara, ramin ɗanyen ya tara ruwa, na dafaffen kuwa bai taka kara ya karya ba, saboda wuta ta kashe tantanin ƙwayoyin halittarsa. Kada ka faɗi dalili. Ka bar su su yi gardama tukuna. Akwai wanda zai ce gishirin ne ya narke ya zama ruwa, sai ka nuna masa dafaffen ka ce ai shi ma gishirin ne a ciki. A nan ne suke koyon dalilin da ya sa kowane gwaji yake da abokin gwami, kuma masu jarrabawa suna son tambayar wannan. Bayan nan 'yan mata da kansu za su kawo maka misali: tumatir da albasa idan an barbaɗa musu gishiri suna tsatsafo da ruwa.

Fitar ruwa ta ganye kuwa, farar leda ce kawai da zare. Ka ɗaure ta a reshen darbejiyar da ke harabar makaranta, ka ɗaure wata a reshen da ka tsige wa ganye, ku dawo da azahar ku duba. Tsirowar iri, gwangwanin madara da yashi: wake yana ɗago ɓarin ƙwayarsa biyu sama da ƙasa, masara tana barin tata a binne. Kowane rukuni ya shuka nasa, ya riƙa auna tsayi da rula kullum har kwana goma, su zana jadawali. Ka ga ka jefi tsuntsu biyu, don auna abu da zana jadawalinsa na cikin abin da yake kayar da yaranmu.

Abin da za ka saya da kuɗi kaɗan ne. Aidin daga kemis, kwalbar sifirit, reza, da gilashin hannu mai ƙara girman abu, ko da guda goma ne. Da aidin kaɗai za ka yi darasi uku. Ka ɗiga shi a kan koko, ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi, ga gwajin sitaci. Ka tsinka kokon da ruwa, yaro ya tofa yawunsa a ciki, a riƙe kwalbar a tafin hannu ta ɗauki ɗumin jiki, bayan ɗan lokaci a ɗiga aidin, launin ya ƙi fitowa kamar da, ga narkewar abinci tun daga baki. Na ukun shi ne gwajin sitaci a ganye, kuma a nan zan ja maka kunne. Ganyen ana fara tafasa shi a ruwa, sannan a sa shi a sifirit don a cire koren. Sifirit ba a ɗora shi a wuta. Ka kashe risho, ka tsoma kwalbar cikin ruwan zafin, ya isa. Ni na taɓa yin gaggawa na kanga gwangwanin a kan wuta, ya kama bal, harshen wutar ma ba ka ganinsa sosai da rana, sai da gashin hannuna ya yi ƙauri na ankara. Yara suka watse ta taga. Allah ya taƙaita, amma har suka gama makarantar suna kirana da sunan da ba zan rubuta a nan ba.

Madubin ganin ƙananan halittu babu abin da yake maye gurbinsa, kada in yaudare ka. Ɗigon ruwa a kan kyamarar waya yana nuna gashin ƙafar ƙuda da jijiyoyin ganye, amma ba zai nuna maka cikin ƙwayar halitta yadda ake so ba. Ka nemi aron guda ɗaya na yini daga makarantar da ke kusa, ko ka roƙi mai gwajin jini a asibitin garin ya ba ku rabin sa'a. Ɓawon cikin albasa, ɗigon aidin, yara su bi layi. Ko sau ɗaya ne a shekara, ya fi babu. Robert Hooke, masanin Ingila da ya fara ganin 'yan ɗakunan nan da muke kira ƙwayoyin halitta a 1665, madubinsa bai kai na asibitin ƙauyenku ba.

Sai maganar lokaci, wadda ba a koya mana ita a kwaleji ba. Manhaja tana da jerinta, amma damina ba ta san manhaja ba. Shekarar karatu tana farawa a Satumba, daidai lokacin da kududdufai ke cike, ciyawa ta yi fure, fara da kwaɗi da talibambam ko'ina. Jarrabawar WAEC kuma tana zuwa a Mayu da Yuni, bayan rani ya ƙone komai. In ka bi takarda sau da ƙafa, za ka isa babin muhalli a Maris ka tarar babu ko koren ganye a fili. Ka zauna da shugaban sashenku ku ja duk abin da ya shafi tsirrai, ƙwari da rayuwar cikin ruwa zuwa zangon farko. Abin da ba za a koyar yanzu ba, a tara shi. Ganye da fure a shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu a danne da bulo, ƙwari a sifirit. Fomalin ya fi riƙe nama, amma guba ne, yana cin ido da hanci, kai kaɗai za ka taɓa shi kuma a waje.

Kuma ka bar yaran su zama su ne masu kawowa. Ka ce ana neman ƙuduji da saiwarsa manne a ta dawa, gobe za ka ga dami. Ga ka da cikakken misalin tsiron da ke rayuwa a kan wani, kuma babu ɗan manomin da bai san ɓarnarsa ba. Kauci a kan bishiya haka. Ƙarangiya da ke maƙale wa wando da audugar tumfafiya da iska ke ɗauka sun gama maka babin yaɗuwar iri. A tuge gyaɗa ko wake a wanke saiwar, ga 'yan ƙulle-ƙullen da ƙwayoyin Rhizobium ke zaune ciki suna kama naitirojin daga iska, sai yaro ya gane hikimar kakansa da ke surka gero da wake. Gawo kuwa ni ban san bishiyar da ta kai shi daɗin koyarwa ba. Yana kaɗe ganye da damina lokacin da kowa ke yin sabo, ya yi kore shar da rani, shi ya sa ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Ka kai su gindinsa ka tambaye su me ya sa hatsin wurin ya fi na gefe. Belbela a bayan shanu, kaska a jikinsu, gaiwa da ke binne kanta a laka ta jira damina tana shaƙar iska da huhu. Littattafan da muke amfani da su yawanci misalansu na kurmi ne, yaron da bai taɓa ganin bishiyar koko ba yana haddace ta, alhali kukar da ke bayan gidansu jemage ne ke yi mata barbara da dare bai sani ba.

Mahaucin garin ka mai da shi abokin aiki. Ka je mayanka da sassafe ka ce a cire maka huhun akuya da maƙogwaronsa da zuciya a haɗe, kada a huda. A aji ka zura tiyo a maƙogwaron, ka ɗaure, ka haɗa da famfon keke. Ranar da na fara yin haka, huhun da ke kwance lakwas ya taso ya yi jajir mai haske, aji ya ɗauki salati, wata yarinya a baya ta dafe ƙirji tana jan numfashi tana saurarar kanta. Ka yanki ɗan guntu ka jefa a ruwa, ya taso, na hanta ya nitse. Zuciyar ka tsaga ta a tsaye, su sa yatsa su ji yadda bangon ɓangaren hagu ya fi na dama kauri, ka tambaye su wanne ne ke tura jini nesa. A nan nakan gaya musu cewa Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu ne daga dama zuwa hagu, ɗaruruwan shekaru kafin William Harvey na Ingila ya fitar da bayaninsa a 1628. Da Sallar layya kuma ka ba su aikin gida: kowa ya kawo ƙashin wuya ko na baya, a dafa, a kankare, a shanya. Shekara biyu za ka tara abin da ya fi na sayarwa. Su ƙirga ƙashin wuyan rago, bakwai ne, na mutum bakwai, na raƙumin dawa ma bakwai.

Game da harshe, ra'ayina ba ɓoyayye ba ne, ko da wasu masu duba makarantu ba sa so. Ka yi bayani da Hausa har sai ka ga idonsu ya buɗe, sannan ka maimaita da Turanci, rubutu kuma duk da Turanci, tunda da shi za a tambaye su. Sai dai Hausa tana da ramukan da za ka kiyaye. Kalmar jijiya ita ce babba. Da ita muke kiran mai ɗauke jini daga zuciya, da mai dawo da shi, da mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da ta agara, har da ta itace. A Bayoloji abubuwa biyar ne daban, kowanne da sunansa da aikinsa, kuma yaron da ya tafi da jijiya ɗaya a kansa zai cakuɗa su a takarda. Haka ƙwaya: ta hatsi, ta magani, ta cuta, ta halitta. Haka numfashi, wanda muke nufin shiga da fitar iska, alhali akwai wanda ake yi a cikin kowace ƙwayar halitta, inda ake ƙona abinci a sami ƙarfi, har tsiro ma yana yi dare da rana. Haka ƙwaro, da muke jibga wa fara da gizo-gizo da kunama, sai ka sa su ƙirga ƙafa: shida daban, takwas daban. Ka ware minti biyar a ƙarshen kowane darasi don shifta ta kalmomi biyar. A wajen sunayen sassa, harafi ɗaya ya kauce maki ya tafi.

Babin gado shi ne inda na fi ganin amfanin aikinmu ya fita daga aji ya shiga gida. Ka ambaci Mendel, masanin da ya gano ƙa'idojin gado, da wakensa da rabon 3 da 1, dole ne, amma ka yi sauri ka iso sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, don haka a ajinka na 90 akwai su da yawa, wataƙila har da mai SS. Ga yadda nake yi. Kowane rukuni jaka biyu, ɗaya uwa ɗaya uba, dukansu AS. A kowace jaka farin wake 20 da jan wake 20, fari A, ja S. Yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya daga nan ɗaya daga can, a rubuta, a mayar, a girgiza, har sau 40. Rukuni goma sun ba ka haihuwa 400. Ka tara a allo, za ka ga SS ya zagaya 100, AS 200, AA 100. Amma abin da nake so su gani ba jimlar ba ce. Akwai rukunin da zai zaro ja da ja sau uku a jere, akwai wanda zai yi goma bai gamu da shi ba. Mutane da yawa sun ɗauka ɗaya cikin huɗu na nufin in an haifi mai sikila ɗaya to uku na gaba sun tsira. Jakar ba ta tuna abin da aka zaro ɗazu, kowane ciki sabon zare ne. Jihar Kano ta sa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, da gwajin wannan a ciki, kuma yaranka nan da 'yan shekaru su ne za su riƙe takardar sakamakon. Abu ɗaya: kada ka taɓa cewa masu AS ko SS su ɗaga hannu. Da wannan jakar kuma za ka nuna musu cewa a wajen jinsin jariri uwa X kaɗai take bayarwa, uba ne ke ba da X a sami mace ko Y a sami namiji, sai su je su yi tunanin matan da ake goranta wa haihuwar 'ya'ya mata.

Cututtuka ma haka. A ɗebo ruwan tsohuwar taya a kwalba a rufe da yankin gidan sauro, su ga tsutsa ta zama sauro a gabansu cikin 'yan kwanaki. Ta Anopheles, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, tana kwanciya a miƙe a saman ruwa, ta Culex tana rataye kai ƙasa. Tsargiya ka haɗa ta da katantanwar kududdufin da suke wanka. Kurkunu kuwa su tambayi kakanninsu, don tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da shi, kuma tace ruwan sha na cikin manyan abin da ya kore shi.

Babi biyu ne sababbin malamai ke tsallakewa don kunya ko tsoro, haihuwa da sauyawar halittu. Kada ka tsallake, suna fitowa. Haihuwa ka faro ta daga furen kabewa mai namiji da mace daban, da namijin gwanda da ba ya 'ya'ya, ka bi ta kifi da kwaɗo da kaza da akuya. Kafin ka iso mutum kalmomin sun zama na aiki, dariya ta ƙare. In makarantar a haɗe take, ka roƙi wata malama ta zauna da 'yan matan kan abin da ya shafi al'ada, ka kuma ajiye kwalin da za a jefa tambaya ba suna. Babin sauyawar halittun kuma ka faɗa musu a fili: wannan shi ne bayanin masana kimiyya da hujjojin da suka kawo, shi za a tambaye ku, ba a ce kowa ya taɓa aƙidarsa ba. Ka fara da abin da ido ya gani, yadda kulorokwin ya daina kashe ƙwayar zazzaɓi har aka canja magani, da yadda makiyaya suka ware Balami da Uda da 'Yankasa ta hanyar zaɓen ragon da zai yi barbara. Kai ba mufti ba ne, in tambaya ta koma fatawa ka tura ta inda ta dace.

Jarrabawar kanta takarda uku ce, ta zaɓen amsa, ta rubutun bayani, da firatikal. Firatikal ɗin nan da kake tsoro saboda rashin ɗakin gwaje-gwaje, yawancinsa ganye ne da iri da ƙwaro da ƙashi a kan tebur, a ce yaro ya faɗi abin da ya gani, ya kwatanta, ya zana. Inda maki ke zubewa zane ne. Fensir mai tsini, layi ɗaya ba karce-karce ba, babu inuwa, girman da aka ce in an ce santimita 8 zuwa 10, take, ninkin girma, layin suna da rula ya taɓa sashen, kada biyu su gitta juna. Sunan kimiyya a ja layi ƙarƙashin kowace kalma daban, ta farko da babban baƙi. Kuma su zana abin da ke gabansu, ba hoton littafi ba. Tun SS1 ka sa su zane ɗaya kowane mako. Littafi 90 ba zai duba maka ba, don haka ka rubuta ƙa'idojin a allo su yi musayar littafi su duba wa juna, kai ka ɗauki goma ka sake bi. Jerin kayan da hukumar jarrabawa ke aiko wa makaranta kafin ranar amana ce a hannunka. Malamin da ya shekara uku yana kawo kaya aji ba ya buƙatar ya raɗa wa kowa komai.

'Yan SS3 ɗinka lokaci ya ƙure musu, ba za ka gyara shekara biyu a wata shida ba. Ka samo tambayoyin shekarun baya, ka ware musu yamma ɗaya a mako, rabi tambayoyi rabi kaya a tebur. Ƙarfinka ka zuba a SS1. Ka kuma nemi reshen ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN a jiharku, a tarukansu ne na koyi rabin dabarun nan daga malaman da suka fi ni rashin kaya.

Ranar Litinin ka nemi makullin siton nan. Irin waɗannan ɗakunan, sau da yawa in ka ɗaga buhunan da karyayyun kujeru za ka tarar da kwalin kwalaben gwaji da ba a taɓa buɗewa ba, wani lokaci har da madubin da gara ta cinye akwatinsa ta bar ƙarfen. Ka kasa yaran rukuni goma, tara-tara, kowanne da shugaba, ka ce kowane rukuni ya zo ranar Talata da dankali biyu da gishiri a ƙulle a leda.